Wai a yi noman rani da ruwan rijiyar mai?

Ɗan Auyo: Salam jama'a. Ni fa ina nan kan bakana, ruwan da ke fitowa daga rijiyar mai ba shara bane, dukiya ce. A Kalifoniya ta Amurka tace shi ake a ba gonaki, har lemo suke nomawa da shi. In Allah yasa haƙar man Kolmani ta kankama ai mu manoman rani gaba ta kai mu

Na Kura: Hhhh ina Kolmani ina Auyo, tsakanin Bauchi da Gombe take fa, a jarka za a riƙa kawo maka?

Ɗan Auyo: Kai dai baka da aiki sai zolaya. Maganar ita ce zai yiwu ko bazai yiwu ba

Injiniya: Ɗan Auyo abin da ka faɗa na Kalifoniya gsky ne amma rabi ka ɗauko. A gundumar Kan ne, kamfanin Chevron na tace ruwan rijiyoyinsa ya sayar wa hukumar ban ruwa ta yankin, su kuma su gauraya da ruwan daɗi kafin ya shiga gona, tun shekarun 1990 ake yi. To amma waɗancan tsofaffin rijiyoyi ne kuma ruwansu dama can gishirinsa kaɗan ne. Wanda ya zame wa Amurka alaƙaƙai na wani irin dutse ne da ake kira shel, inda ake ɗura ruwa da yashi da sinadarai da ƙarfin tsiya a tsattsage dutse can ƙarƙashin ƙasa don mai da gas su samu hanya, to idan ruwan ya dawo sama ba shi kaɗai yake dawowa ba, yana tahowa da tsohon ruwan da ya daɗe kwance a dutsen. Ruwan teku gishirinsa kamar giram 35 ne a lita ɗaya, na yankin Fensilbeniya yakan haura 200, ga sinadarin radiyam mai tururin da ke jawo cutar kansa, ga sinadarin benzin mai guba. Yawa kuwa ba a magana, a yankin Famiyan na Teksas duk gangar mai ɗaya sai an fito da gangar ruwa uku zuwa huɗu ko fiye, ganga kuma lita 159 ce

Kawu Sarkin Noma: Ɗana tsaya, wato ya fi ruwan teku gishiri?

Injiniya: Nesa ba kusa ba Kawu, wani ya ninka shi sau biyar

Kawu Sarkin Noma: To ni magana ta ƙare a wurina. Duk wanda ya taɓa ganin fadamar da kanwa ta taso mata ya san ƙasa ba ta yafe gishiri, fari-fari zaka ga ya kwanta a saman kunya, shuka ta tsaya cak tana ƙonewa ta baki, ka zuba taki har ka gaji a banza

Ɗan Auyo: Ranka ya daɗe ai shi yasa nace a gauraya, ba zallansa za a zuba ba

Malama: Bari in yi maka lissafi ƙanena. Hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa ruwan ban ruwa da ya wuce giram 2 na gishiri a lita cikin mai matsala sosai. In naka 200 ne kaga sai ka zuba jarka kusan 100 ta ruwan daɗi kan jarka 1 kafin ma ka iso bakin iyaka. Kuma shinkafa da albasa da muka dogara da su basa jure gishiri ko kaɗan, gara-gara alkama

Na Kura: Wanda yake da jarka ɗari ta ruwan Tiga me ya kai shi neman ta ɗari da ɗaya mai guba 😂

Ɗan Auyo: Naji. To su Amurkan shanye shi suke? dole dai akwai inda yake zuwa

Injiniya: Yawanci mayar da shi suke ƙarƙashin ƙasa ta wasu rijiyoyi masu zurfi, shi ma bai bar su sun huta ba. Jihar Okalahoma kafin 2009 girgizar ƙasa mai maki 3 zuwa sama bata wuce ɗaya ko biyu a shekara, a 2015 sai da aka ƙirga kusan 900, a 2016 aka yi mai maki 5.8 a garin Foni, kuma masana sun ɗora abin kan ɗura ruwan nan. A Fensilbeniya da farko matatun ruwan kwatar gari ake kai shi, su kuma ba don gishiri aka gina su ba sai ya wuce cikin kogi, a 2011 gwamnatin jihar tace a daina. Abin da ya fi yi musu aiki shine a ɗan tace shi a sake fasa wata rijiyar da shi, yanzu mafi yawan nasu haka suke yi. Ni a nan na yarda da kai cewa yanada amfani, don duk gangar da aka maimaita an bar wa mutanen gari da manoma gangar ruwan daɗi kenan. Amma daga rijiya zuwa rijiya, ba daga rijiya zuwa tukunyar miya ba

Malama: Ni damuwata ma ba injin tacewa bane, waye zai riƙa aunawa kullum? A Kalifoniya akwai masu bin ruwan da gwaji. Mu nan ruwan masana'antun fata na Challawa da Sharada da Bompai shekara nawa yana gangarawa kogi, ana ban ruwan latas da kabeji a bakin Jakara kowa yana gani. A Ogoni rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 ya samu rijiyar sha da benzin ɗinta ya ninka ƙa'ida sau 900, mutane suna sha. Wanda bamu iya da shi ba kenan tun kafin a zo kan mai radiyam

Ɗan Auyo: Yaya wannan kuma laifin hukuma ne ba na ruwa ba. Ni ban sauka ba wlh, ilimi gaba yake yi. A Teksas ɗin an gwada tataccen ruwan kan auduga, a 2021 ma jihar ta kafa ƙungiyar bincike musamman kan yadda za a amfana da shi. A fara da abin da ba a ci mana, auduga, itatuwan kare hamada irin na wajen Maigatari

Kawu Sarkin Noma: Bana auduga, baɗi magajinka ya shuka gero a wurin, ƙasar ai ɗaya ce yaro

Injiniya: Kuma Ɗan Auyo ka sa kuɗi a lissafin. Matatar da ake tace ruwan teku da ita bata iya ɗaukar gishiri mai yawa haka, sai dai a dafa ruwan a tara tururinsa, wuta kenan ba kaɗan ba. In an gama kuma tulin gishirin da ya rage da radiyam ɗin a ciki yana nan yana jiran inda za a binne shi

Na Kura: A kai bayan gidan su Ɗan Auyo tunda dukiya ce

Ɗan Auyo: Allah ya shirye ka Na Kura. Injiniya turo min kuɗin dafa ganga ɗaya in gani da idona tukuna