Kogin ƙanƙara ko dutsen ƙanƙara: wace ce ta dace da "glacier"?

Mai fassara:
Assalamu alaikum malamai. Ana neman kalmar Hausa ga abin da Turawa ke kira glacier. Rubutun a kan Zermatt ne, ƙauyen shaƙatawa da ke gindin tsaunin Matterhorn mai mita 4,478 a Suwizalan. Jirgin ƙasan Gornergrat, da aka buɗe a 1898, yana hawa da baƙi har mita 3,089 don su leƙa abin daga sama. Wasu na cewa "dutsen ƙanƙara". Ya yi?

Malamin labarin ƙasa:
Wa'alaikumus salam. Bai yi ba, Malam. Dutse a kafe yake, wannan kuwa tafiya yake yi. Dusar ƙanƙara ce ke zuba can sama inda zafi ba ya narkar da ita duka. Ta bana ta danne ta bara, iskar da ke ciki ta matse, cikin shekaru ta koma ƙanƙara mai tauri, shuɗi-shuɗi. Idan ta yi kauri, nauyinta ke jawo ta gangare a hankali. Aletsch, glacier mafi girma a tsaunukan Alps na Turai, tsawonsa kusan kilomita 20 ne, kuma akwai inda yake matsawa kusan mita 200 a shekara. Tsakiyarsa ta fi gefe sauri, domin gefen na gogar duwatsu, kamar dai ruwa a kwari. Shawarata "kogin ƙanƙara".

'Yar jarida:
Ranka ya daɗe, fargabata mai karatu zai ɗauka kogin ruwa ne sanyi ya daskarar.

Malamin labarin ƙasa:
Gaskiyarki, Hajiya. Wancan a kira shi "daskararren kogi", wanda da zafi ya shigo zai koma ruwa. A ambaton farko a rubuta "kogin ƙanƙara mai gangarowa daga tsauni", daga nan a gajarta. "Dutsen ƙanƙara" kuma a bar wa ɓallin ƙanƙarar da ke yawo a teku.

Jagoran masu hawan tsauni:
Na goyi baya. Amma ku kula da tsagogin da ke bisa kogin ƙanƙarar, kada a ce "rami". Saman ƙanƙarar ba ya lanƙwasa, sai ya dare duk inda kogin ya bi ta kan tudu, zurfin yakan kai mita 30. Dusa ta rufe bakin tsagar, ido ya ga fili fari fes. Shi ya sa ake ɗaura igiya ɗaya a ƙugu, a bar tazarar mita 10 ko fiye tsakanin mutum da mutum, igiyar a miƙe. Idan ta yi sako-sako, wanda ya rufta zai fizgi na bayansa. Da asuba ake fita, kafin rana ta tausasa murfin.

Mai fassara:
Allah ya ƙara basira. An tsaya a kan "kogin ƙanƙara" da "tsaga". Abin da ya binne ƙauyen Blatten na Suwizalan ranar 28 ga Mayu 2025, bayan an kwashe mazaunansa kusan 300, zan rubuta shi "zaftarewar kogin ƙanƙara".