Wai China ta gama da talauci? Ina ma'aikatan da ta kora?

Mai Shagon Waya: Na gaji da masu cika mana kunne wai China ta gama da talauci. Sanarwar da Xi Jinping ya yi a Fabrairun 2021 ta ƙauyuka ce. Ina ma'aikatan birni da gwamnati ta kora daga masana'antunta zamanin firaminista Zhu Rongji? Daga 1998 zuwa 2003 sun haura miliyan 20. A lokacin kamfani ne ke ba mutum gida da asibiti da makarantar yara, rana tsaka aka ce ya kama gabansa. Kowa ya yi gum, don kuna cin riba da China.

Ɗan Guangzhou: Malam, gyara kalamanka. Ba korar su aka yi ba, dakatar da su aka yi. A lokacin sunansu na nan a rajistar kamfani, ana ba su ɗan alawus har shekara 3 kafin su samu wani aikin.

Mai Shagon Waya: Ba aiki, ba albashi. Wannan ba kora ba ce?

Ɗan Guangzhou: A'a. Kora da wulaƙanci take zuwa.

Tsohon Ma'aikacin Masaƙa: Yaro, an taɓa korar ka? Mu ma "hutun dole" aka ce mana, yau ina ƙofar take? An bar sunansu a rajista ne don kar a lissafa su cikin marasa aiki.

Malama Mai Nazari: Ku bar batun kora, ku dubi tallafin. Sunansa dibao, Shanghai ta fara shi a 1993, ya game biranen ƙasar a 1999, zuwa 2003 masu karɓa sun kai kusan miliyan 22. Ciko ne kawai: a duba abin da gida ke samu, a cika shi zuwa layin da birni ya yanka. Ana liƙa sunayen masu nema a bangon unguwa maƙwabta su gani, a wancan lokacin ma a wasu biranen babur ko wayar hannu kan hana mutum samu.

Ɗan Guangzhou: Baba, da girmanka. Ni na je ƙasar Sin da ƙafata, ban ga mai bara ba.

Tsohon Ma'aikacin Masaƙa: Kasuwa ka je ka loda kwantena. Ka je Shenyang, birnin masana'antu? A Liaoyang da ke kusa da shi, Maris 2002, dubban ma'aikata suka fito kan haƙƙinsu, aka ɗaure jagoransu Yao Fuxin shekara 7. Kuma atamfar da irinku ke jibgewa a Kantin Kwari ita ta kashe masaƙun Kaduna.

Ɗan Guangzhou: Rashin wuta ya kashe su! Ni na ɗauke muku wutar?

Alhajin Kwari: Kar a sako Kwari a ciki. Wa ya hana ku yin mai araha?

Malama Mai Nazari: Ba wanda zai ce komai kan dibao ɗin?

Mai Shagon Waya: Alhaji, ka fara biyan yaran shagonka tukuna.

Alhajin Kwari: Wayoyin da kake sayarwa a garinku ake ƙera su?

Shugaban Zaure: To jama'a, a tsaya haka. Abin da aka cimma: ba kora aka yi ba, dakatarwa ce, kuma gwamnatin Sin ta tallafa wa miliyan 22 kamar yadda Malama ta tabbatar. Masaƙa kuwa wuta ce matsalarta. Mai Shagon Waya ya janye maganarsa kan Alhaji kafin Isha'i. Masu sautun kaya, jirgina na ranar Laraba ne.