Kwamfuresa tana shan wuta ko an tashi daga aiki, ina mafita?

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu harkar injina, shawararku nake nema.

Ni ke kula da kwamfuresar masana'antarmu, wato injin matsa iska, mai kilowat 55, matsinta bar 7.5. Kuɗin wuta ya ƙi sauka. Bayan an tashi daga aiki na kashe duk injina na tsaya da agogo: cikin kowane minti 10 sai ta yi 3 tana cika tanki, alhali babu mai jan iska. Wato kusan kashi 30 cikin 100 na zurarewa a banza.

Na bi bututu da ruwan sabulu don gano yoyo, na ɗaure mahaɗai 11, na sauya tiyo biyu, abin bai ragu sosai ba. Ina zargin bawul ɗin zubar da ruwa na ƙasan tanki, don da lokaci yake buɗewa, ko babu ruwa sai ya huro iska.

Na rage matsi zuwa bar 6.5, tunda bar ɗaya kan rage wuta kusan kashi 7, sai injin ƙarshen layi ya fara tsayawa. Matatar iska ce ta toshe, ko bututun ne ya yi siriri? Kuma yaya kuke gano yoyon bututun da ke can sama? Maganar sayen sabuwa kam, masu gida sun ce a'a.