Garin madara mai koko: 1806 ko 1901?

Salam 'yan uwa, don Allah masu harkar kwastan ku taimaka min, kwana uku ke nan kaina ya ɗaure. Kayan garin madara ne da sukari da koko, irin wanda ake damawa a sha. Ejan ɗina mai fitar min da kaya a kwastan ya ce lambar kayan a littafin harajin kwastan (HS code) ita ce 1901.90, ni kuma hankalina na kan 1806.90 tunda babi na 18 shi ne na koko, sai na ga ƙa'idar 1901 ta ce kayan madara kokon ya zama ƙasa da kashi 5 bayan an cire mansa kaf, to a jikin gwangwanin kashi 6 aka rubuta, ba a faɗi yawan man ba. Ya ake lissafin nan? Takardar kamfani ta isa ko sai an kai gwaji?