Na sa busta amma hoton talabijin bai daina tsinkewa ba

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Eriyata tana kan rufi, wayar da ta sauko zuwa falo ta kai mita 30, kuma na raba ta gida biyu saboda talabijin ɗin ɗaki. Wasu tashoshin suna fitowa tangaram, wasu kuwa hotonsu yana daskarewa yana farfashewa, musamman bayan an yi ruwa. Na jona busta, wato na'urar ƙara ƙarfin sigina, a bayan talabijin, amma babu abin da ya sauya. Shin ƙarfinta ne ya gaza?

Amsa ta farko: Wa alaikumus salam. Malam, busta ba ta ƙirƙirar sigina, abin da ya iso gare ta shi take ƙara wa ƙarfi, mai kyau da gurɓatacce baki ɗaya. Wayar eriya samfurin RG-6 mai tsawon mita 30 tana cinye kusan dB 5 zuwa 6 (dB ma'aunin ƙaruwa ko raguwar sigina ne) a zangon tashoshin talabijin na UHF, na'urar rabawa kuma ta ƙara cinye kimanin dB 3.5, alhali kowane dB 3 rabin ƙarfin sigina ne, don haka kafin ya iso bayan talabijin ya riga ya galabaita. Wurin busta shi ne jikin sandar eriya, kuma akwai irin wadda ake tura mata wuta ta cikin wayar kanta.

Amsa ta biyu: Ni dai zancen ruwan nan ne ya ja hankalina. Kafin ka ƙara kashe ko sisi, ka hau ka kwance mahaɗin da ke jikin eriya. Idan ka tarar jan ƙarfen tsakiya ya yi baƙi ko kore, ko saƙar da ke kewaye da shi ta jiƙe, to ruwa ya shiga, sai ka yanke wurin ka ɗaura sabon kai ka naɗe shi sosai. Ka kuma lura kada ko sili ɗaya na saƙar ya taɓa na tsakiyar. In wayar taka siririyar nan ce samfurin RG-59, gara ka sauya ta, domin ta fi RG-6 asara.

Amsa ta uku: A yi hattara da busta mai ƙarfin gaske, domin idan akwai tashar watsawa a kusa, sigina zai yi wa talabijin yawa har tashoshin da suke fitowa su ɓace. Ka cire na'urar rabawa ka gwada talabijin ɗaya tukuna, kana juya eriya sannu a hankali, ka sa ido a kan ma'aunin ingancin sigina da talabijin ke nunawa maimakon na ƙarfi.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Wayar tawa RG-59 ce, zan fara da sauya ta.