Katin PASMA na sikafo mai taya: waɗanda suka yi, ya abin yake?

Sabon zuwa, Leeds: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na samu aikin fenti, amma shugaban wurin ya ce kada in taɓa haɗa sikafo mai taya sai da katin PASMA. Shekara da shekaru ina hawa gini a Kano, ba wanda ya tambaye ni takarda. Ku ba ni haske.

Mai lantarki, Manchester: Wa alaikumus salam. PASMA ƙungiyar masu ƙerawa da sayar da irin wannan sikafo ce a Birtaniya, katinta kuma sai an yi kwas ake samu. Kwas ne na yini ɗaya, da safe aji, da rana ka haɗa da hannunka, katin kuma yana aiki shekara 5. Dokar aiki a sama ta Birtaniya ta 2005 cewa ta yi mai haɗawa ya kasance ƙwararre, ba ta ambaci PASMA ba, amma kamfanoni katin suke nema. Abin da malaminmu ya fi nanatawa: ba a tsayawa kan dandamalin da ba shinge. Ka leƙo ta ƙofar dandamalin, ka zauna a bakinta ƙafafunka na kan matakala, ka ɗaura ƙarafunan shinge daga zaune, sannan ka miƙe. Ita suke kira 3T. Kuma hawa ta ciki ake yi.

Tsohon magini, Birmingham: Ɗana, je ka yi, kada ka ga kamar raini ne. A gabana aka tura sikafo da mutum a kai, wai don kada a ɓata lokacin saukowa. Taya ɗaya ta faɗa ramin magudana, abin ya karkata, bawan Allah ya zo ƙasa da bokitin fentinsa. Da karayar ƙugu ya tsira. Ƙa'ida ita ce kowa ya sauko, a kwashe kaya, a rage tsayi zuwa mita 4, sannan a tura daga gindi. In an isa, a danne birkin kowace taya.

Mai silin, Landan: Baba ya faɗi gaskiya, sai dai kati ba ya sa hankali. Na ga masu kati suna cire ƙafafun tokare don sun tsare hanya, wasu na ɗora tsani a kan dandamali don ƙarin tsawo. Kafin ka hau wanda wani ya haɗa, duba takardar da ke rataye a jiki. Ana duba shi bayan haɗawa, sannan aƙalla duk kwana 7. In ba ka ga kwanan wata ba, kira shugaba.

Sabon zuwa, Leeds: Na gode ƙwarai, Allah Ya saka. Kuɗin kwas ɗin fa, kamfani ke biya ko ni?