Abin da na tsinta a hirarmu kan kalmar wasan wuta

Hirar kan yadda za a faɗi kalmar Turanci fireworks, wato wasan wuta, da Hausa ce. Yawancin waɗanda muka yi hirar da su sun ce in kana nufin wanda ake harbawa sama daren sabuwar shekara kamar a Dubai, ka ce wasan tartsatsin wuta, kowa zai gane, amma wanda yara ke kyastawa su jefa a lungu ya yi tau, nokawut ne kar ka haɗa su. Asalin wasan wuta daga Sin ne, can aka fara haɗa albarushi. Inda aka fi daɗewa a hirar shi ne Turawa suna aron kalmar fireworks wajen faɗa mai zafi, to wallahi in ka ce an yi wasan wuta a majalisa ka ɓatar da mai karatu, cacar baki za ka ce, ko an tada jijiyoyin wuya.